Zaman Ɗar-ɗar a Masaƙar Kakuri

Na shiga aikin masaƙa a Kakuri da ke Kaduna a ƙarshen shekarun 1980, ina saurayi sabon gama sakandare, na kuma bar shi a tsakiyar shekarun 2000 da mata da 'ya'ya, bayan an garƙame ƙofar kamfanin da muke yi wa aiki. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ba ƙarar kowa na zo kaiwa ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka shugabance mu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da nake so in ba da shaida a kansa shi ne lokacin da ya gabaci sallama, lokacin da ma'aikaci yake zuwa aiki kullum bai san ko sunansa yana cikin waɗanda za a rage ba, alhali na sama da shi sun san halin da ake ciki sun yi gum da bakinsu. Mutane sukan tambaye mu yadda muka ji ranar da aka miƙa mana takarda. Ni dai a wurina, ranar ba ta kai watannin da suka gabace ta ciwo ba.

Wanda bai san Kakuri a wancan zamani ba, zai yi masa wuya ya gane abin da muka ji tsoron rasawa. Tun 1957 da gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL), masaƙu suka yi ta biyo baya a cikin shekarun 1960, irin su Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles Limited (UNTL), har Kaduna ta zama garin masaƙa. Auduga tana zuwa daga gidajen gurza na Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Zariya, ta shiga ta wannan ƙofa, ta fita ta waccan a matsayin akoko ko atamfa. Aiki kashi uku ake yi, akwai masu safe da masu rana da masu dare, kuma idan jiniya ta yi kuka lokacin canji, kekuna sukan cika titi har mota ta rasa wurin wucewa. Masu tuwo da masu shayi da masu gidajen haya na Kakuri da Makera da Nasarawa duk a kan albashinmu suke lissafinsu. A layi ɗaya za ka tarar da Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe da mutumin Edo, kowa da yarensa, amma Hausa ce ke haɗa mu.

A sashen saƙa aka ajiye ni. Ɗaki ne mai faɗi da injuna jere, ƙarar ƙoshiya tana kai da komowa ba ta barin ka ji maganar wanda ke kusa da kai, shi ya sa muka saba magana da hannu da kallon leɓe. Ana riƙe da danshi a ɗakin don kada zare ya bushe ya riƙa tsinkewa, burbushin auduga kuwa yana sauka a kai da gira, wani ya bi numfashi ya shige ƙirji. Wani dattijo da na tarar a wurin, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya koya mini ƙulla zare idan ya tsinke da kuma gane ciwon inji ta sautinsa tun kafin ya tsaya. Daga tsaron inji na koma gyaransa, daga nan aka ɗora ni a kan layi guda, ina kula da injuna da mutanen da ke kansu, har da shi Baban. Wannan matsayi ne ya sa na ga abin da ya biyo baya ta fuska biyu, domin na ƙasa suna ɗauka na san sirrin ofis, na ofis kuma suna ɗauka aikina shi ne in kwantar da hankalin na ƙasa.

Ba mu jahilci dalilan da suka durƙusar da masaƙu ba. Tun shirin gyaran tattalin arziki (SAP) na gwamnatin Janar Babangida a 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar sayen auduga, ingancin audugar da ke iso mana ya fara lalacewa. Wutar NEPA ba ta tsayawa, kuma duk lokacin da aka ɗauke ta ana cikin saƙa, zare yakan tsittsinke, yadin da ke cikin rini ya ɓaci, a ɓata lokaci mai tsawo kafin a sake tayar da layi. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya zama abin nema ido rufe, ga matatar mai a Kaduna amma ba kullum take aiki ba. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, kuma ko da gwamnatin Obasanjo ta maido da shi daga baya, kayan ƙasar Sin sun riga sun san hanya, suna sauka a Kwatano, su ratsa ta Nijar, su kwana a Kantin Kwari. Sau da yawa zanen atamfar da aka fitar a Kaduna ne ake kwaikwayowa a dawo da shi da rahusa. Mu da muke wucewa ta gaban sito muna ganin dilolin kaya sun taru har rufi ba mai ɗauka, ba ma bukatar wani ya yi mana bayani.

Da KTL ta tsaya a 2002, maganar da ta cika bakin mutane ita ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ba a daɗe ba aka sanar da mu cewa an yi garambawul a shugabancin kamfaninmu. Manajojin da muka sani shekara da shekaru, waɗanda suke kiran ma'aikaci da sunansa su tambaye shi iyali, aka ce wasu sun yi ritaya, wasu an mayar da su wani wuri. Sababbi suka zo, tare da waɗansu baƙi masu ba da shawara da suke zagaya layi da agogo da takarda, suna tsayawa bayan mutum suna rubuta minti nawa yake ɗauka kafin ya ƙulla zare, ba sa gaisuwa kuma ba sa amsa tambaya. Aka haɗe sassa biyu ƙarƙashin shugaba ɗaya. Aka miƙa gidan cin abinci da aikin gadi ga 'yan kwangila. Aka soke kuɗin aikin bayan lokaci, wanda a gaskiya da shi yawancinmu muke cike giɓin wata, sannan aka dakatar da aikin dare, aka lulluɓe injunan wani ɓangare da tampol. Sabon shugaban ya tara mu ya ce gyara ake yi don a ceto kamfani, kuma duk mai aiki tsakani da Allah ba shi da abin tsoro. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya tambaya ko za a rage mutane, aka ce masa ba a kai ga wannan magana ba tukuna. Daga wannan rana ba a sake tara mu ba.

Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke mulki. Direban manaja da masinja da mai buga takardu a ofishin ma'aikata suka zama manyan mutane, ana saya musu shayi don a ji abin da suka tsinta. Yau a ce sashen kaɗi za a rufe gaba ɗaya a riƙa sayo zare daga waje, gobe a ce tsofaffi za a fara kora saboda garatutinsu yana ƙaruwa, jibi a ce a'a, yara sababbin ɗauka ne za su tafi. Kowace magana tana da wanda take hana barci. Mutane suka daina zuwa asibitin kamfani don kada a rubuta su cikin marasa lafiya, har na ga wani yaro a layina yana rawar sanyi da zazzaɓi amma ya ƙi zama, na kuma ga yadda ya sa hannu inda bai kamata ba inji ya murƙushe masa yatsu biyu. Ko da ake fita da shi, abin da yake roƙona shi ne kada in rubuta cewa laifinsa ne.

Abin da ya fi baƙanta mini rai shi ne yadda tsoro ya shiga tsakaninmu. Rikicin Kaduna na 2000 ya raba unguwanni, mutane da yawa sun tashi daga inda suke sun koma inda 'yan'uwansu suka fi yawa, amma a cikin masaƙa mun ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya, muna zuwa suna da jana'izar juna. Da maganar ragi ta yi ƙarfi, sai aka fara raɗa cewa sabon manajan ma'aikata zai kare mutanen addininsa, wani shugaban sashe zai kare 'yan garinsu. Mutumin da kuka yi shekaru kuna karɓar aiki daga hannun juna ya koma yana kai sunanka ofis cewa ka makara. Ban ga wata hujja da ta tabbatar da waɗannan zarge-zarge ba, amma da yake ba wanda ya fito ya faɗi ƙa'idar da za a bi, ba wanda kuma ya iya ƙaryata su.

Tsoron bai tsaya a bakin ƙofar kamfani ba. Mai kantin unguwarmu, wanda ya saba ba mu shinkafa da mai da sabulu a rubuta sai ƙarshen wata, ya fara cewa littafi ya cika. Mai gidan haya ya aiko a tambaya ko zan sabunta, tun da sauran watanni. Masu adashi suka fara ja da baya da 'yan masaƙa, ba a son a ba su ɗaukar farko. Wata rana da dare uwargidana ta ce, "Maigida, kuɗin makarantar yaran nan, mu biya na zango mai zuwa ne, ko mu riƙe mu sayi buhun masara mu ajiye?" Na ce mata ta bari mu ga ƙarshen wata. Ta ce, "Ƙarshen watan jiya ma haka ka ce." Ba ta faɗa da faɗa ba, kuma gaskiya ta faɗa, amma ba ni da amsar da ta wuce wannan, saboda ni ma abin da ake gaya mini ke nan a wurin aiki.

Ana cikin haka aka kira mu masu kula da layi ofis ɗaya bayan ɗaya, aka ba kowa takarda mai ɗauke da sunayen mutanensa, aka ce ya ba kowane mutum maki a kan saurin aiki da zuwa a kan lokaci da biyayya. Na ce wa manajan, "Yallaɓai, idan da wannan takarda za a yanke wa mutum abincinsa, ya kamata in sani kafin in sa biro." Ya ce, "Malam, ba wanda ya ce za a kori kowa. Cike takarda kawai aka ce ka yi." Na fita da ita na nufi wakilan ƙungiya. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki, wadda aka kafa a 1978 kuma hedikwatarta take Kaduna, ba ƙaramar ƙungiya ba ce a lokacin. Ita ce ta fitar da Adams Oshiomhole, wanda ya taso daga Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982, daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999. A wurinsu na ji abin da sashe na 20 na dokar ƙwadago ya tanada: mai kamfani ya sanar da ƙungiya dalilin ragi da yawan waɗanda zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan a zauna a daidaita kuɗin sallama. Dokar ta yi kyau a takarda, sai dai ba ta faɗi tun yaushe za a sanar ba, kuma maganar duba ƙwarewa ƙofa ce da kowane irin son rai zai iya bi ya shige. Na cike takardar bisa abin da na sani tsakanina da Allah, na rubuta shekarun aikin kowa a gefen sunansa ko da yake ba a nema ba, na mayar.

A makon ne Baba ya tare ni bayan an tashi, a wurin ajiye kekuna. Ya ce, "Ɗana, ba roƙonka na zo yi ba. Gaskiya kawai nake so. Damina ta kusa, kuma ina da gonar gado a gida. Idan tafiya ce, a gaya mini yanzu in je in yi sharar gona in nemi iri. Idan zama ne, in ba ƙanena ya noma." Na rantse masa cewa ban sani ba, ya dube ni ya ce ya yarda. Na koma ofis na roƙa a ba ni amsa ko da a kan mutum ɗaya ne, na kuma faɗi dalili, aka ce in gaya masa ya kwantar da hankalinsa. Ya bar wa ƙanensa gonar. Sunayen rukunin farko suka fito a allon sanarwa a watan Agusta, lokacin da gero ya riga ya yi kai, kuma sunan Baba yana ciki. Daga baya wakilan ƙungiya suka ga kwanan watan da ke kan takardun, suka tabbatar an kammala jerin tun kafin saukar ruwan farko. Mutumin nan ya rasa aiki ya kuma rasa damina a shekara ɗaya, na biyun kuwa ba kayan Sin ne suka jawo masa ba, ba kuma NEPA ba ce.

Ranar da aka liƙa sunayen, an girke 'yan sanda a bakin ƙofa tun asuba. Mutane suka yi cincirindo a gaban allo, wanda bai iya karatu ba yana riƙe hannun wanda ya iya yana cewa a duba masa lambar katinsa. Wanda ya tsira bai iya murna ba saboda na kusa da shi, wanda abin ya shafa kuma aka ce ya miƙa katinsa da kayan aiki kafin azahar. Mu da muka rage aka ƙara mana injuna, abin da mutum biyu ke tsaro ya koma hannun ɗaya, aka kuma ce da wannan ragin an gama. Ba a gama ba. Rukuni na biyu ya biyo baya, sannan aka fara tura mu hutun dole da rabin albashi, sannan rabin ma ya fara makara. Ƙarshenta wata safiya muka iso muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda cewa an dakatar da aiki har sai an ga hali.

Na daɗe ina juya dalilin da ya sa suka zaɓi ɓoyewa. Na san abin da za su ce: idan aka faɗa da wuri, ƙwararru za su gudu, wasu za su lalata inji ko su saci kaya, banki da masu bin bashi za su taso. Ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Amma na ga wanda ya biya kuɗin wannan shiru. Manyan ma'aikata da suke ganin lissafi sun san inda aka dosa, suka nemi wani aiki a natse, suka sayar da abin sayarwa, suka kwashe iyalansu. Ƙananan ma'aikata da aka ce wa ba abin tsoro su ne suka ci bashi suka fara gini, suka sa ranar aure, suka mayar da 'ya'yansu makarantar kuɗi. Da an ba su labari wata shida kafin lokaci, wani zai sayi babur da ɗan abin da ya tara, wani zai koyi sana'a da yamma, wani zai koma gona kamar yadda Baba ya nema. Mutanen da suka riƙe injuna shekara ashirin ba su sace ƙusa ba sun cancanci a amince musu da gaskiya a kan rayuwarsu.

Maganar haƙƙoƙinmu ita ma ta ja. Garatutin da muka dogara da shi ba a ware shi a wani asusu dabam ba, yana cikin littafin kamfani ne kawai, shi ya sa da kamfanin ya durƙushe muka shiga layi ɗaya da bankuna da sauran masu bin bashi. Dokar fansho ta 2004, wadda ta sa a riƙa zuba kuɗin ma'aikaci a asusunsa na kansa, ta zo mana a makare, domin yawancin shekarunmu sun wuce a ƙarƙashin tsohon tsari. Ƙungiya ta yi ta zama da zanga-zanga har aka fara biyanmu kashi-kashi, kuma kafin kashi ɗaya ya zo bashi ya riga ya cinye shi. An yi ta maganar naira biliyan 70 na farfaɗo da masaƙu a ƙarshen mulkin Obasanjo, ba mu ga komai ba. Daga baya aka fito da asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu, har UNTL da ta rufe a 2007 ta sake buɗewa a 2010, muka sa rai ko namu zai bi sahu, amma bai tashi ba.

Ni Allah ya rufa mini asiri da abin da na koya a gindin inji. Da kashin farko na kuɗina na kama ɗan shago na fara gyaran injin niƙa da na markaɗe da ƙananan janareto, kuma da shi na ƙarasa karatun yarana. Ba kowa ya samu haka ba. Wasu sun koma acaɓa har aka hana ta a cikin garin Kaduna, wasu gadi, wasu hawan jini ya kwantar da su tun ba su tsufa ba. Baba ya koma ƙauyensu, kuma bai ga kashi na biyu na kuɗinsa ba ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Har yanzu mukan haɗu lokaci zuwa lokaci mu bi sawun ragowar haƙƙinmu, kuma a kowane zama matan da mazajensu suka rasu da 'ya'yansu suna ƙaruwa, suna zuwa da takardar ɗaukar aiki da tsohon katin marigayi a cikin leda. Ni ne ke riƙe da rajistar mutanen sashen saƙa, kuma fayil ɗin Baba yana hannun babban ɗansa, wanda nake kira duk lokacin da aka sa ranar zama.